Caryl Chessman: Fursunan da Aka Ɗage Kisansa Sau Takwas

An haifi Caryl Chessman a jihar Michigan ta Amurka a 1921, ya tashi a Kaliforniya yana shiga gidan yari yana fita saboda sata da fashi. A 1948 kotu ta same shi da laifin fashi, sace mutane da cin zarafin mata biyu, ta yanke masa hukuncin kisa, alhali ba a tuhume shi da kashe kowa ba.

Shi ya kare kansa a shari'ar. Babbar hujjarsa wajen ɗaukaka ƙara kuwa ba ƙarama ba ce: magatakardan da ya ɗauki bayanan zaman kotun ya mutu kafin ya gama rubuta su, wanda ya ƙarasa aikin kuma dangin mai gabatar da ƙara ne ta wajen aure.

Shekara 12 ya shafe a kurkukun San Quentin, ya rubuta littattafai huɗu, aka ɗage kisansa sau takwas.

Ranar 2 ga Mayu, 1960, wani alƙalin tarayya ya amince a sake jinkirtawa. Sakatariyarsa ta buga lambar waya ba daidai ba. Ko da kiran ya shiga, an riga an saki iskar guba a ɗakin kisa.