Nathan Burkan (1879–1936): Lauyan da Ya Kare Guminin Mawaƙa

An haifi Nathan Burkan a Romaniya a shekarar 1879. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa birnin Niyok na Amurka, inda ya tashi a unguwar talakawa baƙin haure, ya kuma karanta ilimin shari'a. Tun yana sabon lauya ya ƙulla alaƙa da mashahurin mai tsara kiɗan nan Victor Herbert, alaƙar da ta ɗora rayuwarsa a kan turbar kare haƙƙin mallakar fasaha.

A wancan zamani, abin da mai waƙa ke samu yana fitowa ne daga cinikin takardun da aka buga waƙar a kansu. Da na'urori suka bayyana sai wannan hanya ta fara toshewa. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji da ke sa fiyano ya yi kiɗa da kansa ba kwafin waƙa ba ce, don haka masu ƙera ta ba su keta haƙƙin kowa ba. Burkan na cikin waɗanda suka bayyana gaban majalisar dokoki suna neman gyara. Dokar 1909 ta wajabta biyan sent 2 a kan kowane kwafi na na'ura, ta kuma tanadi haƙƙin mai waƙa idan aka yi ta a bainar jama'a domin neman riba.

Sai dai doka a takarda ba ta ciyar da kowa. Mawaƙi ɗaya ba zai iya bin dubban otal-otal da gidajen abinci yana karɓar haƙƙinsa ba. Wannan ne ya sa a watan Fabrairu na 1914 Herbert da Burkan da wasu abokan tafiyarsu suka kafa ƙungiyar ASCAP, bisa misalin SACEM ta Faransa wadda aka kafa a 1851. Ƙungiyar kan ba wuraren nishaɗi lasisi, ta tara kuɗi, ta raba wa mambobinta. Burkan ne lauyanta har ƙarshen rayuwarsa.

Zakaran gwajin dafi shi ne ƙarar da Herbert ya kai gidan abinci na Shanley, inda ake kaɗa waƙarsa ba da izininsa ba. Kotunan ƙasa sun kori ƙarar, bisa hujjar cewa ba a karɓar kuɗin shiga. Burkan ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A Janairun 1917 Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ya bayyana cewa kiɗan yana cikin abin da mai cin abinci ke biya, domin da ba ya jawo ciniki da mai gidan bai ɗauki nauyinsa ba. Wannan fassara ta ma'anar riba ita ce daga baya ta ba da kafar neman haƙƙi daga gidajen rediyo.

Burkan ya kuma wakilci taurarin fim irin su Charlie Chaplin da Mae West. Ya rasu ranar 6 ga Yuni, 1936, kuma ASCAP ta kafa gasar rubuta maƙala kan haƙƙin mallaka da sunansa.

Ga manazarcin waƙar Hausa, tarihinsa na da amfani. Makaɗin gargajiya kan karɓi ladarsa a dandali daga hannun ubangida ko 'yan kallo. Tambayar da Burkan ya yi wa hidima ita ce wa zai biya idan waƙar ta ci gaba da jawo riba a inda mai ita ba ya nan.