Mariyatul Ƙibɗiyya, Mahaifiyar Ibrahim Ɗan Manzon Allah (S.A.W)

Mariya 'yar Sham'un, Allah Ya ƙara mata yarda, ta fito ne daga ƙauyen Hafnu na yankin Ansina a kudancin Masar. A shekara ta 7 bayan hijira, Muƙauƙis mai mulkin Iskandariyya ya amsa wasiƙar Manzon Allah (S.A.W) da kyaututtuka ta hannun Haɗibu ɗan Abu Balta'a, cikinsu har da Mariya da 'yar'uwarta Sirin. Dukkansu suka musulunta. Annabi ya bai wa Hassanu ɗan Sabitu Sirin, ya zaunar da Mariya a Aliya, gefen Madina.

Mafi yawan malaman tarihi sun tafi a kan cewa matsayinta na surriyya ne, wato abin da muke kira ƙwarƙwara ko sa-ɗaka. Malaman lugga sun ce kalmar ta samo asali daga sirri, domin ana keɓe ta a ɗaki, wasu kuma suka ce daga surur, wato farin ciki. Sa-ɗaka ta Hausa ma haka take nufi: baiwar da ubangidanta ya sanya a ɗaka, ya tsare mutuncinta, ya ɗauki nauyinta.

A watan Zulhajji na shekara ta 8 ta haifi Ibrahim, ta zama ummu waladi. Hukuncin irinta a wurin jamhurin malamai shi ne ɗanta ɗa ne mai cikakkiyar nasaba da gado, ba a sayar da ita, kuma tana 'yantuwa da rasuwar ubangidanta. Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bai cika shekara biyu ba, ta yi haƙuri. Bayan wafatin Annabi, Abubakar da Umar suka ci gaba da ciyar da ita har ta rasu a Muharram na shekara ta 16. Umar da kansa ya tara jama'a, ya sallace ta, aka rufe ta a Baƙi'a.

Ya kamata mu fahimci cewa wannan hukunci ya rataya ne ga bauta, ita kuwa bauta ta kau. 'Yantacciyar mace ba ta zama ƙwarƙwara ko da ta yarda, ko da an biya iyayenta kuɗi. Wanda ya ajiye mace ba waliyyi, ba sadaki, ba shaidu, zaman dadiro yake yi, kuma canza masa suna ba ya halatta shi.

Allah Ya yarda da Mariya, Ya tsare mana gidajenmu, amin.