Malam Baƙo, Mai Sabon Zangon Akara

Duk fataken da ke bin hanyar Kwatano zuwa Lome har ƙasar Gana sun san Sabon Zango a birnin Akara. Wanda ya kafa unguwar shi ne marigayi Malam Baƙo, ɗan Malam Idrisu Naino, Bakatsinen malamin nan da ya sauka Akara a ƙarni na 19, ya zama jagoran Hausawan garin.

Bayan da Turawan Ingila suka mayar da Akara hedkwatar mulkinsu a 1877, baƙi suka yi ta kwararowa, har tsohon zangon da ke tsakiyar gari ya cika ya tumbatsa. Annobar da ta ɓarke a 1908 ta ƙara tona asirin cunkoson, ga kuma jayayyar shugabanci a tsakanin Musulmin garin. A cikin wannan hali ne Malam Baƙo ya nemi fili a bayan gari daga sarakunan ƙabilar Ga, masu ƙasar, ya yanka shi fegi-fegi, ya raba wa dangi da mabiya da baƙin Hausawa. Kowa ya gina nasa daidai ƙarfinsa: zaure a gaba, ɗakuna kewaye da tsakar gida.

Abin da ya sa muhalli ya yi sauƙi a zangunan wancan zamani shi ne, maigida na samun ribarsa ne daga la'adar cinikin goro ko shanun da baƙonsa ya kawo, don haka saukar da baƙo jari ne a wurinsa.

Malam Baƙo ya rasu a shekarun 1930, sarautar unguwar kuma ta ci gaba a gidansa. Sannu a hankali magada suka yi yawa, ɗakunan baƙi suka koma na haya. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, amma masu gidaje da dama na neman na shekara 1 ko 2. A nan Benin ma sai da majalisa ta yi doka a 2018, ta taƙaita kuɗin ajiya a kan hayar wata 3.

To, attajiranmu na Zangon Kwatano masu rushe tsofaffin gidaje suna ɗora benaye, a riƙa ware wa ƙaramin ɗan kasuwa ɗakin da zai iya biya, domin shi ne mai kawo cinikin gobe. Allah ya jiƙan Malam Baƙo, amin.