Shehu Usmanu Ɗanfodiyo A Cikin Iyalinsa

Idan aka ambaci Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasar Ƙaura Namoda ko Zurmi ko Shinkafi, abin da ke fara zuwa bakin dattawa shi ne labarin yaƙi. Za a ba ka labarin Namoda, jagoran Fulani Alibawa, wanda ya riƙe wa jama'ar Shehu wannan yanki, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa, ya kuma rasa ransa a yaƙin Kiyawa wajajen 1810, abin da har gobe ake tunawa da shi a sarautar Sarkin Kiyawa. Wannan duk gaskiya ne. To amma akwai wani ɓangare na rayuwar Shehu da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato yadda ya zauna da matansa da 'ya'yansa. A ganina wannan ɓangaren ne ya fi daɗewa yana amfani, kuma wani abin sha'awa shi ne a nan ƙasar Zamfara aka fara ja-in-ja da shi a kan tushen al'amarin.

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a watan Disamba na 1754, ya girma a Degel. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne, shi ya fara sa shi a karatun Alƙur'ani. Dangin mahaifiyarsa Hauwa'u ma gidan malamai ne, kuma a cikin zuriyar akwai mata masu karatu da koyarwa tun kafin a haife shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin Shehu bai ƙirƙiro karatun mata daga sama ba. A gida ya tarar da shi. Ya yi karatu wurin kawunnansa, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, sannan ya fara wa'azi yana ɗan kimanin shekara 20.

Wajajen 1786 ya shiga ƙasar Zamfara, ya yi kimanin shekara biyar yana zagayawa yana karantarwa, ya kuma yi zama a Faru. Zamfara ta wancan lokaci ƙasa ce da Gobirawa suka ci da yaƙi, talakawanta suna cikin ƙunci, ilimin addini kuma ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙauyuka. Jama'a suka riƙa tururuwa zuwa majalisinsa, maza da mata. A nan ne wani malami mutumin Borno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da waƙar Larabci yana neman ya hana mata zuwa wurin wa'azi, saboda gudun cuɗanya. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi, shi ma a waƙe, kamar yadda Abdullahin ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin da jawabin ya ƙunsa a taƙaice shi ne: ba su yarda da cuɗanya ba, suna ware mata gefe guda, amma barin mace ba ta san farillan addininta ba ya fi fitowarta neman sani muni. Daga baya Shehu ya koma kan wannan batu da alƙalaminsa, musamman a Nurul Albabi, inda ya yi kakkausar suka ga malaman da ke kwana suna koyar da almajirai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida a jahilce.

Faɗar irin wannan magana a kan buzu ba ta da wuya. Malamai da yawa sun faɗi makamanciyarta, amma da za ka leƙa bayan zaurensu ba za ka ga alamarta ba. Abin da ya bambanta Shehu shi ne ana iya auna maganarsa da abin da gidansa ya fitar.

Allah Ya ba shi 'ya'ya fiye da 30. Gida ne na zamaninsa, mai mata huɗu, kuma akwai sa-ɗaka a ciki. Babu dalilin ɓoye wannan don a daidaita shi da tunanin yau. Daga cikin matansa waɗanda tarihi ya fi riƙe sunayensu akwai Maimuna, da A'ishatu, da Hauwa'u wadda aka fi sani da Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello da Abubakar Atiku, sai kuma Mariya. A 1793 Maimuna ta haifi tagwaye a Degel. Namijin aka sa masa Hassan kamar yadda aka saba. Macen kuwa, maimakon Hassana ko Husaina, uban ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin Hijira. Maimuna ta rasu Asma'u tana ƙarama, abokan zaman uwarta suka rene ta tare da nasu 'ya'yan. Duk wanda ya san yadda maraya ke ƙarewa a wasu gidajenmu masu mata da yawa zai gane cewa wannan kaɗai shaida ce a kan irin tarbiyyar da mai gidan ya shimfiɗa.

Ruwayoyin da almajiransa suka bari sun yi ittifaƙi a kan cewa bai tara abin duniya ba. An ce da tufkar igiya yake samun na abinci, tufafinsa kuma ba su da yawa. A taron babbar Salla na Magami wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya miƙa masa kyautar zinariya, ya ƙi karɓa, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a saki waɗanda ke tsare. Muhammadu Bello yana ɗan shekara bakwai a lokacin. Yaron da ya tashi yana jin ana ba da labarin cewa ubansa ya mayar wa sarki zinariyarsa ya riga ya sami wani darasi wanda babu allon da zai ɗauke shi.

Sai kuma wahala ta zo. A watan Fabrairu na 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya matsa, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu da iyalinsa da jama'arsa, littattafansa a bayan raƙuma. Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba. Aka yi nasara a Tabkin Kwatto a tsakiyar shekarar, amma kafin ta ƙare aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Yunwa da annoba suka kama jama'a, dole aka gangaro Zamfara neman abinci, aka yi watanni a Sabon Gari a 1805 kafin a wuce Gwandu. Zaman nan na biyu a Zamfara bai yi daɗin na farko ba: runduna mai jin yunwa ta yi wa manoma nauyi, zumuncin da wa'azi ya ƙulla ya yi rauni, wasu garuruwa suka juya baya. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a cikin wannan gudu da zama a bukkoki karatun yaran gidan bai tsaya ba. Hujjata kuwa ita ce abin da suka zama. Ba a zama marubuci a harshe uku da karatun da aka yanke a shekara 11.

Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da har yanzu masu binciken tarihin wannan yanki ba su da abin da ya kai shi. Muhammadu Sambo ya bi hanyar sufanci da gudun duniya. Muhammadu Buhari ya yi suna a waƙar Larabci. Khadija, wadda ta auri Malam Mustafa, ta mayar da Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci, kuma duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya san cewa Muhtasar ba littafin da ake shiga da wasa ba ne. Ɗanta Abdulƙadir ɗan Tafa ya zama ɗaya daga cikin malamai mafi zurfin tunani da daular ta haifar. Faɗimatu ta auri Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Lema, aminin Bello wanda ya zama waziri. Uban bai zuba su duka a tukunya ɗaya ba. Ya bar kowa ya bi inda baiwarsa ta karkata, sharaɗi ɗaya ne kawai, babu wanda zai zauna ba karatu.

A nan zan ɗan tsaya a kan harshe, tunda shi ne fagena. Gidan Shehu gida ne mai harsuna. Larabci na littafi da wasiƙa tsakanin malamai, Fulatanci na cikin gida da na dangi, Hausa ta kasuwa da gari da mafi yawan masu sauraron wa'azi, ga kuma Buzanci na maƙwabta. Shehu ya rubuta littattafansa da Larabci, waƙoƙinsa na faɗakarwa kuwa mafi yawansu da Fulatanci. Bayan yaƙi ya lafa, birane da ribaɗoɗi suka cika da jama'ar da Hausa kawai suke ji, da yawansu mata ne da aka kawo cikin gidaje, ba su san komai na sabon tsarin ba. Da a ce saƙon ya tsaya a Larabci da Fulatanci, da ya zama kayan 'yan tsiraru. 'Ya'yansa ne suka ɗauki nauyin juya shi zuwa Hausa da rubutun ajami. Waƙar Ma'ama'are ta yabon Annabi (SAW), Shehu ya tsara ta da Fulatanci, ɗansa Isa ya mayar da ita Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa, ta ratsa ta hannun Asma'u da Isa kafin ta zama waƙar da makafi da malamai mata suke rerawa. Duk mai nazarin asalin rubutacciyar waƙar Hausa, ko ya so ko bai so ba, sai ya bi ta tsakar gidan nan.

Labarin Isa ɗin nan yana da taɓa zuciya. Shi ne Autan Shehu, an haife shi a shekarar da uban ya rasu, bai san shi ba sai a bakin mutane da takardu. Yayarsa Asma'u, wadda ta girme shi da shekara 24, ita ta ja shi a jiki, ya taso ya zama mai fassara waƙoƙin uban da nata. Tarbiyyar da ta isa ga yaron da bai taɓa zama gaban mahaifinsa ba, lalle ta riga ta zama ɗabi'ar gida.

Ba na cewa gidan bai ga saɓani ba. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu a Sifawa, kafin ya ƙaura Sakkwato a 1815. Da ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, abin da bai yi wa Abdullahi daɗi ba, aka yi shekaru ana 'yar tsama tsakanin baffa da ɗa. Sai da 'yan tawaye suka tsaya wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, sannan aka shirya. Dauloli da yawa sun wargaje a daidai irin wannan gaɓa, ɗan'uwa ya zare wa ɗan'uwa takobi. A nan ba a kai ga haka ba. 'Ya'yan Shehu uku suka riƙe sarautar Sarkin Musulmi: Bello daga 1817 zuwa 1837, Atiku daga 1837 zuwa 1842, sai Ahmadu Rufa'i daga 1867 zuwa 1873.

Asma'u ce ta kai maganar da aka fara a Zamfara inda uban bai kai ta ba. A zamanin mulkin Bello ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jajin takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin tsarki da salla da tauhidi da tarihi, su koma su koyar da matan auren da ba su iya fita ba. Makaranta ce ba gini, ba albashi, wadda ta isa inda malami namiji ba zai shiga ba.

Ban iya tuna wannan ba tare da tuna halin da ƙasar da aka fara wannan muhawara ta shiga ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. Garuruwa irin su Sakajiki da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun sha hare-haren 'yan bindiga, makarantu da dama sun zauna a rufe na tsawon lokaci. Uban da ya ce 'yarsa ta zauna gida a irin wannan hali ba zan kira shi jahili ba, tsoronsa na gaskiya ne. Sai dai Asma'u ma a cikin hijira da yunwa da ƙarar yaƙi ta yi nata karatun, domin malaminta na farko yana kwana a gida ɗaya da ita. Mu da muka yi boko muka tara takardun shaida, nawa ne daga cikinmu suka taɓa zama da 'yarsu rabin sa'a a kan littafi, ba tare da sun jingina abin ga malamin lesin ba?

Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta dawo Sakkwato bayan rasuwarsa a 1846, kuma ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru bayan yayarta. Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙan su da rahama.