Likita Mila, Wanda Ya Koyi Harshenmu

Kowace Lahadi, a majami'un ƙasar Karaye da Rogo, akan buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta da Hausa, tsohuwa ta ji, yaro ya ji. Mun saba da wannan har mun ɗauka tun fil azal haka yake. Ba haka ba ne. Wani mutum ya ba da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa kafin mu sami wannan albarka. Sunansa Walter Miller, amma kakanninmu sun san shi da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a birnin Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga aikin bishara a ƙarƙashin mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasarmu sai da ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa ke sauka. Can ya zauna tare da su yana kasa kunne, yana tuntuɓe da harshe kamar yaro mai koyon magana. Can kuma ya sadu da wani yaro, Abdulmajid, wanda ya zama mataimakinsa.

A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Likita Mila bai fid da zuciya ba. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Daga cikin yaran makarantar aka sami Likita Dikko, likita na fari ɗan Arewa. A 1929 aka mai da mishan Wusasa.

Cikin dukan waɗannan shekaru babban aikinsa shi ne juya Maganar Allah zuwa Hausa. Waɗansu sun riga shi juya sassan littafin, amma shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka bi littafin tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. A 1932 aka buga shi cikakke. Likita Mila mutum ne mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, bai bar gwamnatin Turawa ba, bai bar sarakuna ba. Ya rasu a 1952, aka binne shi a Jos, cikin ƙasar da ya zaɓa.

To, 'yan'uwa, don me muka tuna da shi yau? Bari mu ba ku labarin wata jama'a. A ƙasar Niyu Zilan, can nesa cikin teku, akwai mutanen da ake kira Mawori. Mishan ɗin nan ta CMS ta riga ta isa wurinsu. Sun sami Sabon Alkawari da harshensu a 1837, cikakken Littafi kuwa a 1868, tun ba a haifi Likita Mila ba. Amma daga baya makarantu suka koma Turanci, har akan bugi yaro idan ya yi harshen uwarsa. Iyaye ma suka daina yi wa 'ya'yansu. Littafin yana nan, masu jinsa suna ƙarewa. Da suka farga, a 1982 suka buɗe gidajen renon yara inda kakanni ke zama da jikoki, ba a yin wani harshe sai nasu. A 1987 gwamnati ta karɓe shi cikin harsunan hukuma. Da ƙyar suka ciro shi daga bakin kabari.

Hausa ba ta kai can ba, mun gode wa Allah. Amma mun ga abin da ya tayar mana da hankali. Mun miƙa wa ɗan makaranta Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta a sujada, ya tsaya yana in-ina, ya kasa raba ƙ da k. Mun ji matasa suna addu'a rabi Hausa rabi Turanci, kakarsu tana zaune ba ta san inda za ta ce amin ba. Baƙo ya ƙetare teku ya koyi harshenmu, mu kuwa 'yan gida za mu sake shi?

Turanci yana da amfani, a koya wa yara shi. Amma kowane maigida ya tara iyalinsa bayan tuwon dare, yaro ɗaya ya karanta sura ɗaya da Hausa, babba ya gyara masa. Dattawan ekklesiya kuma su farfaɗo da ajin karatu. A ranar Fentikos kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi ciki. Ubangiji ya ba mu himma mu riƙe abin da aka bar mana. Amin.