Malam Aminu Kano: Shekara 29 kafin a soke haraji

Duk matashin da ya tashi daga Taura zuwa Dutse domin gangamin siyasa ya san dandalin Aminu Kano. Abin da ba kowa ke lissafawa ba shi ne tsawon lokacin da mai sunan ya kwashe yana shan kaye.

An haife shi a Kano a 1920, ɗan Malam Yusufu, malami a kotun alƙali. Ya koyar a Bauchi, ya yi karatu a Landan, aka tura shi Maru, sannan ya ajiye aikin koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa NEPU. A lokacin zafin rai ya fi haƙuri yawa a tattare da shi, domin bai iya ganin zalunci ya kame bakinsa ba.

Zaɓe ne ya koya masa jira. A 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓen mai hawa-hawa, wanda ya bai wa En'e damar cusa mutanenta, ya tace 'yan takararta kafin a kai majalisa. A 1954 Maitama Sule ya kayar da shi. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya maimaita. Sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai a Legas.

A tsakanin waɗannan shekaru, talakan karkara ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Taura, Ringim da Dutse duk suna ƙarƙashin En'e ta Kano, inda hakimi da alƙali da ɗan doka suke hannu ɗaya. Katin NEPU kaɗai na iya jawo wa manomi bulala ko gidan yari. Malam bai ce a ɗauki makami ba. Ya ci gaba da zaga ƙauyuka, yana bayyana wa mutane cewa aikin tilas a gonar mai sarauta ba farilla ba ne, yana kuma neman a bai wa matan Arewa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a 1976.

Ba kowa ne ya kira wannan haƙuri ba. Da ya karɓi kujerar kwamishina a gwamnatin Gowon a 1967, wasu sun ga kamar ya sassauta. Zargin yana da nauyi, kuma bai kamata masoyansa su tsallake shi ba.

A 1979 ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa, amma jam'iyyarsa ta PRP ta kama Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar da ta haɗa da Jigawar yau. Daga kafa NEPU zuwa ranar, shekara 29 ke nan.

Daɗin bai jima ba. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kuma matasan da ya raina suka fara yi masa kallon mai jan ƙafa, kusan irin kallon da shi ma ya taɓa yi wa dattawan zamaninsa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen, ba a ɗinke ɓarakar ba. An binne shi a gidansa na Gwammaja.