Louis Vuitton, ɗan ƙauyen da ya sauya siffar akwatin tafiya

Ranar 27 ga watan Fabrairun 1892, a garin Asnières da ke gefen birnin Paris na ƙasar Faransa, wani dattijo mai sana'ar haɗa akwatuna ya rasu yana da shekara 70 a duniya. Sunansa Louis Vuitton. A yau da wuya mutum ya ratsa layin masu jakunkuna a wata babbar kasuwa, daga Kano har Legas, bai ci karo da haruffan farko na wannan suna ba, wato L da V a sarƙe, an buga su a jikin jakar hannu ko akwatin lefe, akasarinsu na jabu. Sai dai shi mai sunan bai taɓa ganin wannan tambari da idonsa ba, domin bayan rasuwarsa da shekara huɗu aka ƙirƙiro shi. Aikin da ya yi da hannunsa daban ne: ya sake fasalin katakon da ke riƙe da akwati, ya kuma sake abin da ake lulluɓe shi da shi, a daidai lokacin da jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka sauya yadda mutane ke tafiya.

An haife shi ranar 4 ga watan Agustan 1821 a Anchay, wani ɗan ƙauye a yankin Jura da ke gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. Yanki ne na duwatsu da kurmi, inda sassaƙa da aikin katako suke gado a gidaje da yawa, har da nasu. Mahaifinsa, Xavier, manomi ne. Mahaifiyarsa kuwa ɗinkin huluna take yi, ta kuma rasu yana da kimanin shekara goma. Uban ya sake aure, zama da matar uba bai yi wa yaron daɗi ba. A shekarar 1835, yana da shekara 13, ya bar gida shi kaɗai ya nufi Paris a ƙasa. Tafiyar ta haura kilomita 400, ta kuma ɗauke shi kusan shekara biyu, saboda duk inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙwadago, ya sami na abinci da wurin kwana, sannan ya ƙara gaba.

Ya shiga Paris a 1837 yana ɗan shekara 16. A wannan shekarar ce aka buɗe layin dogo na farko mai ɗaukar fasinjoji daga birnin, wanda ya nufi Saint-Germain, kuma layin ya bi ta Asnières, garin da yaron zai kafa masana'antarsa bayan shekara 22, ya kuma cika a cikinsa.

Ya sami gurbin koyon sana'a a wurin wani mutum da ake kira Maréchal, mai shago a titin Saint-Honoré. Sana'ar tana buƙatar ɗan bayani, domin ta shuɗe. A wancan zamani attajirin da zai yi tafiya ba ya zuwa kanti ya sayi akwati ya dawo ya cusa kaya. Yakan aika a kira gwani, shi kuma ya zo har gida ya auna kayan, ya koma ya haɗa akwatin katako daidai da su, sannan ya dawo ya shirya su a ciki da kansa. Saboda haka mutum ɗaya ne kafinta, shi ne kuma mai shirya kaya. Hanyoyi a lokacin cike suke da gargada, keken doki yana jijjiga, 'yan dako ba su san lallami ba. Rigar siliki da hular mata da madubi da agogo, kowanne sai an yi masa mazauni yadda ba zai motsa ba. Shekara 17 Vuitton ya yi a wannan shago, har sunansa ya fita a tsakanin manyan matan birnin.

A nan ne asalin bambancinsa da sauran masu haɗa akwati yake. Kafinta ya san katako, baduku ya san fata, amma mai shirya kaya shi ne ya san abin da ke faruwa a cikin akwati bayan an rufe murfi. Shi ake kira a yi wa faɗa idan riga ta isa a yamutse, ko ta ɗauki wari, ko damshi ya taɓa ta.

A watan Janairun 1853 sarkin Faransa, Napoleon na Uku, ya auri Eugénie, 'yar wani babban gida na ƙasar Sifaniya. Sarauniyar mai son ado ce, kuma fadar ba ta zama wuri guda. Kowane lokaci na shekara da gidan sarautar da ake komawa. Yayin da ake yi a lokacin shi ne riguna masu faɗin gindi, waɗanda daga baya har ƙarafa ake sa musu a ciki don su buɗe kamar laima, kuma naɗe irinsu ba tare da sun lalace ba aiki ne na gwani. Sarauniya ta ɗauki Vuitton a matsayin mai haɗa mata akwatuna da shirya mata tufafi. Wanda ya yi wa fada aiki ba ya rasa masu nemansa. A 1854 ya auri Clémence-Émilie Parriaux, 'yar shekara 17, ya kuma yi sallama da ubangidansa ya buɗe nasa shagon a lamba 4, titin Neuve-des-Capucines, kusa da dandalin Vendôme. Unguwar ta manyan teloli ce. A wani titi da ke kusa, Charles Frederick Worth, Baturen Ingila da ya zama telan sarauniya, ya buɗe gidan ɗinkinsa a 1858. Wanda ya sayi riga a wurin wannan, yana bukatar abin da zai zuba ta a wurin wancan.

Akwatin tafiya da aka saba da shi kafin nan babbar adaka ce mai ƙumbon murfi, an lulluɓe ta da fata. Ƙumbon yana da dalili. A saman keken doki ake ɗaure adakar, a buɗaɗɗen sarari, don haka ana so ruwan sama ya gangare kada ya kwanta. Amma a taragon kaya na jirgin ƙasa, ko a cikin rumbun jirgin ruwa, babu ruwan sama. Abin da ake ƙaranci shi ne wuri. Adaka mai ƙumbo ba ta yarda a ɗora mata wata. Ga nauyi, domin katakon mai kauri ne, fatar ma da nata nauyin. Ita fatar kuma tana tsagewa idan ta bushe, tana yin fumfuna idan ta jiƙa, warinta yana kama tufafi.

A 1858 Vuitton ya fito da akwati mai kusurwa huɗu da shafaffen murfi. Ya haɗa jikinsa da katakon wani itace da Turawa ke kira poplar, wanda ba shi da nauyi, yana kuma ɗan lanƙwasa idan an buge shi maimakon ya tsage. Maimakon fata, sai ya manna masa yadi mai kauri dangin tamfol, wanda aka shafe yadda ruwa ba ya ratsa shi. Launin yadin toka-toka ne mai haske, aka sa masa suna Trianon, sunan wani gidan sarauta da ke Versailles. A waje an gicciya siraran katakai masu tauri, an kafe su da ƙusoshi, domin su ne za su sha gogayya idan ana jan akwatin a ƙasa. Kusurwoyi, inda akwati ke fara mutuwa, an rufe su da ƙarfe. A ciki kuwa akwai farantan katako da ake ɗagawa a cire, kowanne da nasa kason tufafin, yadda na sama ba zai danne na ƙasa ba.

An taɓa yin akwatuna masu shafaffen murfi kafin shi, kuma ba daidai ba ne a ce shi ya ƙago murabba'i. Abin da ya yi shi ne haɗa abubuwa uku wuri guda: katako mara nauyi, lulluɓi mai hana ruwa, da siffar da ake iya jerawa ɗaya kan ɗaya. Da yadin ya ɗauke aikin kare kaya daga ruwa, sai ƙumbon ya zama ba shi da sauran amfani. Sauyin lulluɓin ne ya ba da damar sauyin siffar.

Ciniki ya buɗe har shagon ya yi kaɗan. A 1859 ya gina masana'anta a Asnières, ya fara da ma'aikata kusan 20. Zaɓen wurin ya nuna lissafinsa: garin yana bakin kogin Seine, inda kwale-kwalen dakon kaya ke kawo katako, kuma jirgin ƙasa yana kai mutum tashar Saint-Lazare da ke tsakiyar Paris cikin ɗan lokaci. A babban baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1867 ya sami lambar yabo ta tagulla. Cikin masu sayen kayansa har da Isma'il Pasha, mai mulkin Masar, wanda a zamaninsa aka buɗe mashigin ruwan Suwez a watan Nuwamban 1869, bikin da sarauniya Eugénie ta halarta da kanta.

Shekara ba ta zagayo ba komai ya rushe. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya a watan Yulin 1870, aka kama sarki a Sedan a farkon Satumba, sarauniya ta tsere zuwa Ingila. Aka yi wa Paris ƙawanya tsawon watanni, bayan nan kuma rikicin cikin gida ya biyo a 1871. Da ƙura ta lafa, Vuitton ya tarar an wawashe masana'antar Asnières, an kwashe kayan aiki, ma'aikata sun watse. Fadar da ta ɗaga shi ma babu ita. Yana dab da shekara 50 ya sake ɗaura ɗamara. A cikin 1871 ya buɗe sabon shago a lamba 1, titin Scribe, kusa da babban otal ɗin Grand Hôtel da sabon gidan wasan Opéra da ake ginawa, wato a bakin hanyar baƙi masu kuɗi da ke shigowa daga Ingila da Amurka. Daga nan bai ƙara dogara da gida ɗaya ba.

Wata matsalar kuma ta daɗe tana bin sa, ita ce ta masu kwaikwayo. Yadi mai launin toka ba shi da wuyar samu, kafintoci kuma ba su ƙare ba a Paris. Ba a jima ba kasuwa ta cika da akwatuna masu kama da nasa a ido, amma katakonsu da haɗinsu ba su kai ba, kuma idan suka ɓalle a hanya sunansa ne ke ɓaci. Mai saye ba ya ganin katakon da ke ƙarƙashi. Lulluɓin kawai yake gani. Saboda haka Vuitton ya mayar da lulluɓin ya zama shaida. A 1872 ya koma yadi mai ratsin ja da ruwan madara. Aka kwaikwaya. A 1876 ya sauya zuwa ratsin ruwan ƙasa da ruwan madara. Nan ma aka bi shi. A 1888, shi da ɗansa Georges suka fito da zane mai gida-gida kamar allon dara, ruwan ƙasa mai duhu da mai haske, suka kuma rubuta sunan gidan a cikin zanen tare da bayanin cewa an yi masa rajista. Wannan zane, da ake kira Damier, har yau ana sayar da shi, har yau kuma ana satarsa.

Ɓarayi na zahiri ma sun sa an yi gyara. Akwati mai kyau yana sanar da cewa akwai abu mai daraja a ciki. A 1886 uban da ɗan suka ƙera wani kwado mai sarƙaƙƙen ciki da ke da wuyar buɗewa ba da makullinsa ba. Kowane kwado yana da lamba da ake rubutawa a littafin gidan da sunan mai shi, ta yadda mutum zai iya buɗe duk akwatunansa da makulli ɗaya.

Da yake tushen sana'arsa aunawa ne a haɗa daidai da buƙata, bai daina karɓar aikin musamman ba. An yi akwatin da ake tsayarwa a buɗe shi kamar kabad, riguna na rataye a gefe guda, aljihuna a ɗaya gefen, don masu doguwar tafiya a teku. An yi waɗanda aka lulluɓe da ƙarfen tutiya domin ƙasashe masu zafi, inda damshi da gara ke cinye katako da yadi. Wanda ya fi shahara shi ne akwatin da ake buɗewa ya zama gado, har da katifarsa, irin wanda Pierre Savorgnan de Brazza ya yi amfani da shi. Shi ne mutumin da ya share wa Faransa hanyar mallakar yankin Kwango, wanda birnin Brazzaville ke ɗauke da sunansa. Masu ba da tarihin kamfanin sukan kawo wannan a matsayin abin alfahari. Mai karatu ɗan Afirka kuwa zai tuna cewa a dazukan da babu dogo babu titi, a kan 'yan dako baƙaƙen fata irin waɗannan akwatuna suka yi tafiya, kuma tafiyar ta mulkin mallaka ce.

Georges, wanda aka haifa a 1857, ya karɓi ragamar shagon a 1880, uban kuma ya fi zama a Asnières wajen aikin hannu, inda ya gina gidan iyali a jikin masana'antar. A 1885 suka buɗe reshensu na farko a ƙetare, a titin Oxford da ke Landan, wato a ƙasar da ta yi suna wajen kayan tafiya na fata. A baje kolin Paris na 1889, wanda saboda shi aka gina hasumiyar Eiffel, gidan ya sami lambar zinariya.

Bayan rasuwar dattijon, a 1896, Georges ya zana tambarin haruffan nan biyu da furanni kewaye da su, don tunawa da mahaifinsa, don kuma ƙara wahalar da masu jabu. A 1987 kamfanin ya haɗe da Moët Hennessy, aka sami rukunin LVMH, wanda yanzu ke kan gaba a duniya wajen kayan alatu, kuma yawancin cinikin da ake yi da sunan Vuitton a yau na jakunkuna da tufafi da takalma ne. Masana'antar Asnières tana nan a inda ya kafa ta. A can ake haɗa akwatunan da aka yi odarsu ta musamman, da katakon poplar, a manna yadi, a bi gefuna da ƙananan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da guduma.